Malam, me ya koro ka?

Ranar farko da na fita gudu, ban kai ƙarshen layinmu ba mai shayin bakin masallaci ya ajiye butarsa ya leƙo.

"Malam, lafiya? Me ya koro ka?"

Hannu kawai na ɗaga masa na wuce, don ko ina da amsa ba ni da numfashin faɗarta. Ban ga laifinsa ba. A wajenmu yaro ne ke gudu. Magidanci mai shekara 46, ga furfura a gemu ga tumbi a gaba, in ka gan shi ya ɗiba a guje da duku-duku, ai banza ba ta kai zomo kasuwa: ko gobara, ko ɓarawo, ko haihuwa ta zo wa iyali da gardama.

Ni 'yar takarda ce ta koro ni. Sau uku likita tana auna jinina cikin wata guda, duk ukun yana sama. A na ƙarshe ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Malam, magani zan rubuta maka, amma ƙwaya ba za ta yi maka tafiya ba." Na fara da tafiya, na koma sassarfa daga wannan turken lantarki zuwa na gaba, in tsaya in riƙe ƙugu. Yau wata 14 ke nan. Ranar Asabar nakan yi kilomita 12, in bi ta bayan firamare in faɗa hanyar da masu tallar nono ke shigowa gari, in dawo kafin rana ta yi ƙarfi.

Minti 10 na farko har gobe azaba ne. Gwiwa na ƙara, ƙirji na zafi, zuciya na cewa koma ka kwanta. Amma da zarar zufa ta keto sai komai ya daidaita, numfashi ya bi sawun ƙafa, ƙafar kuma ta san inda za ta sauka ba sai na gaya mata ba. Jikin da ya shekara 20 tsakanin kujerar ofis da sirdin babur, a ina ya koyo wannan? Tambayar ce ta jefa ni karance-karance, karatun kuma ya mayar da ni ƙauyenmu, wajen zabon Inna.

Ina ɗan shekara tara ko goma baƙi suka zo wa Baba daga Funtuwa, Inna ta ce a kamo zabo. Duk wanda ya yi kiwon zabi ya san ba kaji ba ne, ba a watsa musu tsaba a kai hannu. Lokacin bazara ne, an share gonaki, fili fetal sai tushiyar kara da ke soke ƙafa. Mu uku muka fita, ni da 'ya'yan Kawu biyu, sai babbar yayarmu da Inna ta turo bayanmu don kada wani ya faɗa rijiya. Muka ware wani mai farin fiffike daga cikin garken. Da farko wasa da mu ya yi ta yi. Ya zura a ƙasa, da muka matso ya tashi fir, ya tsallake dangar Kawu ya sauka can gindin gawo. Muka bi. Kafin ya huta mun iso, ya sake tashi, amma wannan karon bai kai rabin na farko ba. A tashi na uku da ƙyar ƙafarsa ta bar ƙasa. Daga nan ya koma gudu baki buɗe, fiffike a sake yana jan ƙura, maƙogwaro na karkarwa, har ya je ya cusa kansa cikin wata sabara ya lafe. Na tuna zafin jikinsa a hammatata, kamar gurasar da aka cire daga tanderu yanzun nan, da yadda zuciyarsa ke bugawa a tafin hannuna. Mu kuwa mun jiƙe sharkaf, ƙafa duk ƙaya, amma da Inna ta ce a kamo na biyu da mun koma. Na shiga gida da shi ina taƙama, kuma tun da 'ya'yana suka fara wayo nake ba su wannan labari.

Ashe abin da muka yi wa zabon nan yana da babi guda a ilimin asalin jikin ɗan Adam.

In sauri ake magana, mutum abin tausayi ne. Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, inda gudunsa ya fi ƙarfi ya kai wajen kilomita 44 a awa. Rabbi, damisar nan siririya mai tsere, yakan kai 100. Jimina takan yi 70. Zomon daji ma ya fi Bolt. Ga shi ba mu da ƙaho, ba fiƙa, ba farce mai yanka. Amma kayan dutse da ƙasusuwan da aka tono a gabashin Afirka sun nuna tun sama da shekara miliyan 2 ake feɗe manyan dabbobi ana fasa ƙashi ana shan ɓargo, alhali kwari da baka shaidar da ake da ita a kansu ba ta wuce shekara dubu 60 zuwa 70 ba. To a wannan doguwar tazarar da me ake samun nama?

A 1984 wani ɗalibin jami'a a Amurka, David Carrier, ya kawo amsar da a lokacin mutane kaɗan suka ɗauke ta da muhimmanci. Ya ce ba a tsere da dabba, gajiyar da ita ake yi, kuma zafi ne makamin.

Naman jiki in yana aiki, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da yake ƙonawa zafi yake zama. Dole a fitar da zafin nan, in ba haka ba ƙwaƙwalwa ta dahu. Kare, barewa, gada, akasarinsu da haki suke fifita kansu. Matsalarsu ita ce in dabba mai ƙafa huɗu ta shiga sukuwa, kayan cikinta kan riƙa kai da komo suna bugun huhu, kowane tsalle numfashi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ba ta iya haɗa sukuwa da haki. In tana son ta huce, sai ta rage gudu ko ta nemi inuwa. Mu da ke tsaye a kan ƙafa biyu numfashinmu ba a ɗaure yake da takunmu ba, kuma ba ta baki muke hucewa ba, ta fata ne. Akwai ƙofofin zufa tsakanin miliyan 2 zuwa 4 a jikin mutum, babu gashi mai kauri da zai tare iska, kuma mai gudu cikin zafi yakan fitar da lita ɗaya zuwa biyu a awa.

Duk wanda ya sha ruwan randa ya san sauran bayanin. Randar ƙasa tana tsatsafo da raɓa ta jikinta, iska ta busar, zafin ya tafi da raɓar, ruwan ciki ya yi sanyi. Zuba ruwan nan a jarkar roba ka ajiye a wuri guda ka ji bambanci. Mu randa ne mai ƙafa. Shi ya sa gudu cikin hunturu ke da daɗi, zufa na fitowa tana bushewa. Da na je Legas wani aiki na gwada fita da safe, iska cike da laima, zufa na zuba kamar an kwara mini bokiti amma ba ta bushewa, ban yi kilomita huɗu ba na sallama.

Har gashin kai yana da nasa aikin. A 2023 wata masaniya, Tina Lasisi, da abokan aikinta sun ɗora gashi iri-iri a kan mutum-mutumi mai auna zafi, suka haska masa fitilu a madadin rana. Gashi mai murɗe sosai, irin namu, shi ya fi tare zafin. Na gaya wa wanzamina, ya ce to in daina zuwa mana.

Shekara 20 bayan Carrier, a 2004, malaminsa Dennis Bramble na Jami'ar Utah da Daniel Lieberman na Harvard suka buga maƙala a mujallar Nature, suka jero siffofi 26 a jikin mutum da suka ce gudu mai nisa suke wa aiki fiye da tafiya. Ba zan bi su duka ba, uku ne suka tsaya mini a rai don ina jin su a jikina kowace safiya.

Ta farko agara. Kai hannu bayan ƙafarka sama da dunduniya ka taɓa. Igiyar nan in ka taka ƙasa tana miƙewa kamar danƙon harbin tsuntsu, in ka ɗaga ta sako ƙarfin da ta tara, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da takun ya ci, kyauta. Lanƙwasar tsakiyar tafin ƙafa ma haka take yi. Birin cimfanzi agararsa 'yar guntuwa ce, tafinsa kuma shimfiɗaɗɗe. A tafiya ba ka cika buƙatar wannan danƙon ba, a gudu ne yake biyan kuɗinsa.

Ta biyu tana ƙeya. Mai cin naman wuyan sa ya san wata jijiya mai ruwan ɗorawa da haƙori ba ya iya mata, sai a tsotse a jefar. Ita ke riƙe kan dabba kada ya yi ta lilo in tana gudu. Doki yana da ita, kare yana da ita, mu ma muna da ita, cimfanzi ba shi da ita. Yadda hankalin mutanen nan biyu ya kai gare ta abin dariya ne: Lieberman yana sa alade gudu a kan na'urar nan da ake gudu a wuri ɗaya, Bramble ya shigo ya tsaya kallo, ya lura aladen ya kasa tsayar da kansa. Alade ba shi da jijiyar.

Ta uku, a gafarce ni, ɗuwawu. Tsokar nan na cikin mafi girma a jikin mutum, amma in kana tafiya kusan hutawa take yi. Sai ka fara gudu take kama aiki, tana riƙe gangar jiki kada ka kifa da fuska a kowane taku. Hausawa da suka ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu sun fi gaskiya fiye da yadda suka zata, mai wurin yana bakin aiki.

Na san inda wani mai karatu ya tsaya ya ɓata fuska, don abokin aikina ma da na kawo zancen a ofis cewa ya yi, "Wato kai ma ka koma cewa daga biri muke?" Ni Musulmi ne, kuma ba da ni za a yi wannan gardamar a nan ba, akwai malamai da suka fi ni sanin yadda ake zama da nassi da kuma abin da aka tono a ƙasa. Ƙasusuwan dai suna nan a gidajen tarihi, a nahiyarmu aka same su, kuma abin da masana juyin halitta ke karantawa a jikinsu shi nake kawowa. A Chadi, nan maƙwabta, aka sami ƙoƙon kan da ake kira Toumaï a hamadar Djurab a 2001, an ƙiyasta masa shekara miliyan 7. A Hadar ta Habasha aka sami Lucy a 1974, mai shekara miliyan 3.2. Da ƙafa biyu take tafiya, amma tsayinta bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, ƙafafu gajeru, hannaye dogaye, jikin mai hawa bishiya. Sai a 1984 wani ɗan Kenya, Kamoya Kimeu, ya tsinci ɓallin ƙoƙon kai da bai fi kwalin ashana ba a gefen wani busasshen rafi, Nariokotome, yamma da tafkin Turkana. Da aka ci gaba da tono sai ga kusan cikakken ƙwarangwal na yaro, mai kimanin shekara miliyan ɗaya da rabi, daga jinsin da suke kira Homo erectus. Dogon ƙafa, gajeren hannu, manyan gaɓoɓi a ƙugu da gwiwa masu ɗaukar duka. Daga wuya zuwa ƙasa, jikin mai cin doguwar hanya ne. A nan Bramble da Lieberman suka sa yatsa suka ce daga wannan jinsin gudun ya fara.

Abokin nawa kuwa da labarin sahabi Salama ɗan Akwa'u, Allah ya ƙara masa yarda, na rufe masa baki. Mahara a kan dawaki suka kore raƙuman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Salama ya bi su da ƙafa shi kaɗai, yana harbi yana bi, tun safe har yamma. Sai da ya ƙwato raƙuman, maharan suka riƙa zubar da mayafai da masu don su rage nauyi, da suka kai ruwan Zu Ƙarad ya hana su sha. A hanyar komawa Madina ma sai da ya yi tsere da wani Ba'ansare ya wuce shi. Yana cikin Sahihu Muslim. Mai ƙafa ya matsa wa mai doki har ya hana shi hutu da ruwa, wannan ai ita ce dabarar gaba ɗaya.

Akwai wanda ya ga ana yi wa dabbar daji haka da idonsa. Louis Liebenberg, mutumin Afirka ta Kudu, ya shekara da shekaru yana bin maharban ƙabilar San a hamadar Kalahari ta Botsuwana. Sukan jira rana ta take, zafi ya kai digiri 40 ko fiye, lokacin da zaki ma yana kwance a inuwa. Su sha ruwa, su tayar da kudu, wata babbar dabba mai kama da gwanki mai murɗaɗɗen ƙaho. Ta ɓace musu nan take. Su bi sawu da sassarfa, su tarar da ita a inuwa tana haki, ta sake tashi. Haka za a yi ta yi awa biyu zuwa biyar, kilomita 25 zuwa 35, har ta tsaya cak ido a buɗe ta kasa ɗaga ƙafa, a matso a soke ta da mashi. Sak zabon Inna, sai dai girma. A 1990 Liebenberg ya ce shi ma zai bi su da ƙafa. An kama dabbar, amma shi zufa ta ɗauke masa, alamar jiki ya kai maƙura, sai da ɗaya daga cikin maharban da suka gama wannan gudun ya sake komawa a guje ya nemo masa taimako. Wanda ya karanta wannan ya ce zai gwada da tsakar ranar Afrilu a Sakkwato, ba da yawuna ba.

Abin da ya fi kama ni a bayaninsa ba ƙafa ba ne. Dabbar da ake bi takan koma cikin garke, kuma in ka kuskure ka bi wata sabuwa, wahalar awa biyu ta tashi a banza. Dole ka gane sawun taka a cikin sawu ashirin, ka gane ta fara jan kofato. In sawu ya ɓace a kan tsandauri, maharbi ba ya tsayawa lalube, sai ya sa kansa a matsayin dabbar: in ni ne, da wannan zafin, da iska ta wannan gefen, wace inuwa zan nufa? Ya yanke ya tafi can. Carrier da kansa ya gwada shi da ɗan'uwansa a jihar Wyoming, suka bi barewar Amurka, ta shige cikin 'yan'uwanta, suka rasa wadda suke bi. Ƙafa suna da ita, karatun ƙasa ne babu.

Ba kowa ya yarda da labarin ba, kuma masu ja suna da hujja. Henry Bunn da Travis Pickering sun duba ƙasusuwan dabbobin da aka feɗe a Olduvai ta Tanzaniya kusan shekara miliyan 1.8 da suka wuce, suka ga akasari majiya ƙarfi ne, ba tsofaffi da ƙanana da ake sa ran gudu zai fi kayarwa ba. Suka ce wannan ya fi kama da kwanton ɓauna. Suka ƙara da cewa ƙasar wurin ba rairayi ba ce irin ta Kalahari da sawu ke kwanciya raɗau. Mutanen Hadza na Tanzaniya, da har yau wasunsu da farauta suke rayuwa, tafiya suke yi mai yawa, ba su cika gudu ba. Wasu kuma suka ce gudun na rige-rigen mushe ne: ka hango ungulu na shawagi can nesa, ka zura ka riga kura. An daɗe ana cewa ma farautar gajiyarwa abu ne da ba kasafai ake yi ba, sai a 2024 Eugène Morin da Bruce Winterhalder suka tattara tsofaffin rubuce-rubucen matafiya da masu bincike, suka sami bayani kusan 400 daga wurare 272 a faɗin duniya, har da masu bin dabba a kan dusar ƙanƙara a arewacin Amurka.

Ni a nawa ganin, masu neman dalili guda ɗaya tal su ne ke wahalar da kansu. Kawuna maharbi ne, ya ɗana tarko, ya yi kwanto a bakin ruwa, ya fita farautar rani da karnuka, kuma in ya harbi gada ba ta faɗi ba ya bi jininta yini guda. Mai jin yunwa ba ya zaɓar dabara ɗaya ya rantse a kanta. Abin da ba a ja a kai shi ne jikin: agara tana nan, zufa tana nan, kuma cikin zafi dabbobi kaɗan ne ke iya jure abin da muke jurewa.

Doki yana cikin kaɗan ɗin, don shi ma zufa yake yi sosai. A wani ƙaramin gari a Wales ta Birtaniya, Llanwrtyd Wells, gardama ta taɓa kaurewa a mashaya kan mutum da doki wa zai riga wani a doguwar hanya, mai wurin ya ce a gwada. Tun 1980 ake yin tseren, wajen kilomita 35 cikin tuddai. Doki ya yi ta ci har sai 2004 da Huw Lobb ya riga dokin farko ya tafi da fam dubu 25 da aka yi ta tarawa. Bayansa an sake samun 'yan kaɗan, galibi a shekarun da ranar ta zo da zafi. A yi wa dokin adalci dai, da mutum a bayansa yake gudun.

Su kuwa 'yan gudun yada ƙanin wani na yau, sun kai abin inda hankali ba ya ɗauka. Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a gasar Olamfik ta Roma a 1960 ba takalmi. Eliud Kipchoge na Kenya ya yi kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a Oktoban 2019, ko da yake ba a sa shi a kundin bajinta ba saboda an shirya masa masu tare iska da mota mai nuna masa saurin taku. Na yi lissafi, mita 100 ke nan cikin daƙiƙa 17, sau 422 a jere. Na je filin ƙwallon firamare na ba ɗana waya ya riƙe mini agogo. Sau ɗaya na yi, daƙiƙa 19, na zauna a ƙasa ina ganin taurari. A Meziko kuma wata 'yar ƙabilar Rarámuri, María Lorena Ramírez, ta ci tseren kilomita 50 cikin duwatsu a 2017 da siket da takalmin da aka yanka daga roba, irin wanda muke kira faɗe-ka-mutu in ban da igiya. A gasar Legas da aka fara a 2016, galibi 'yan Kenya da Habasha ke kwashe na farko, namu da ke biyo baya kuma akasari 'yan Filato ne, masu tasowa a kan tudu.

Juriyar ma tana da rufi. Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna waɗanda suka ratsa Amurka da gudu a 2015, daga California zuwa birnin Washington, kusan kilomita 5,000 cikin kwana 140. Suka gano in wahala ta ɗauki watanni, jiki ba ya iya ƙona abin da ya wuce ninki biyu da rabi na abin da yake ƙonawa a kwance, don hanji ba ya iya tace abinci fiye da haka. Abin da ya wuce nan daga kitsen jiki da tsoka ake cirowa, kuma wannan bashi ne mai ƙarewa. A cikin lissafin nasu, mace mai ciki tana kaiwa ninki 2.2, wata tara cur. Na karanta wa uwargida wannan da dare ina jiran ta yi mamaki. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

"Biyar na yi, Malam. Wa ya ba ni fam dubu 25?"

Da Babbar Sallah muka je gida. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zauren Kawu, ya tsufa ƙwarai yanzu, ido ya yi rauni amma kunne garau. Yaya ma ta zo daga gidanta da jikoki. Na kwashe labarin nan kaf na ba shi, tun daga randa har Kalahari. Ya saurara yana murza goro a 'yar magogarsa. Da na kai wurin da maharbi ke sa kansa a matsayin dabba sai ya gyaɗa kai.

"Wannan gaskiya ne. Sauran kuwa, su Turawan sai da suka auna kafin su sani?"

Na ce ai ni ma na sani tun ina yaro, na juya wajen 'ya'yana na ɗauko labarin zabo, karo na ba adadi. Ina cikin tashi na uku Kawu ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Wane zabon? Mai farin fiffike, ranar baƙin Funtuwa? Ina kan danga ina gyara, a kan idona aka yi. Ku dai kun yi gudu, ba a hana ku ba. Amma ko da kuka isa sabarar nan yayarku na zaune a gindinta, ta danne shi da zane."

Na dubi Yaya. Tana ta ɓare wa jikanta gyaɗa.

"Bar shi, Kawu, ai shi ya ɗauko."

"Yaya, da gaske?"

"To ni ina zan iya bin ku, da tulun Inna a kaina tun safe? Na ga duk tashin da ya yi inuwa yake nema. Kun kore shi daga gawo, kun kore shi daga rumbu, sabarar ce kaɗai ta rage a filin. Sai na taka na je na zauna."

Ƙaramar 'yata ta dafa gwiwata ta leƙo fuskata.

"Abba, to kai me ka yi?"

Kawu ya riga ni. "Zufa," in ji shi, ya watsa goron a baki.